Darwin, Sikila da Hikimar Ubangiji: Ina Rigimar Take?

A manhajar bayoloji ta ajin ƙarshe na sakandare akwai babin da malamai da yawa ba sa son a iso shi. Babin juyin halitta ke nan, wanda aka fi sani da ka'idar Darwin. Ni malamin bayoloji ne, na kuma san yarjejeniyar da ake ƙullawa a aji ba tare da kowa ya furta ta ba: malam ya karanto bayani a gurguje, ɗalibai su haddace saboda WAEC da NECO, ana fitowa daga ɗakin jarrabawa a tofar. In an sami yaro mai ƙarfin hali ya ɗaga hannu, tambayar ba ta wuce guda: "Malam, wai da gaske daga biri muke?" A yi dariya, wani ya yi a'uziyya, a wuce babi na gaba.

Wannan yarjejeniya cuta ce. Tana nuna wa yaro cewa akwai ilimin da ake rubutawa don maki alhali zuciya tana ƙaryata shi, kuma tana sa masa zargin cewa imaninsa ba zai jure bincike ba. A ganina, mai cewa Darwin ya kawar da buƙatar Mahalicci, da mai cewa imani da Mahalicci ya wajabta ƙaryata duk abin da Darwin ya faɗa, rijiya ɗaya suka faɗa. Dukansu sun ɗauka cewa da zarar an gano sababin abu, to an cire hannun Ubangiji daga cikinsa. Ba sai mun je tsibiran Galapagos inda Darwin ya yi nazari ba kafin mu auna wannan magana. Hujjar tana gudana a jijiyoyinmu.

Ɗauki sikila, wato amosanin jini. A cikin jan ƙwayar jini akwai sinadarin da ke ɗaukar iska mai rai zuwa sassan jiki, sunansa himogulobin. Umarnin ƙera shi yana rubuce a cikin DNA, rubutun gado mai haruffa kimanin biliyan 3 da kowannenmu ya karɓa daga uba, ya karɓi wani kwafin daga uwa. A wuri ɗaya tak cikin wannan rubutu, harafi guda ya sauya, inda ake da A ya koma T. Vernon Ingram ne ya gano sakamakon wannan sauyi a Kambirij a shekarun 1956 da 1957: tubali ɗaya na himogulobin ya bambanta da na sauran mutane. Wanda ya gaji sauyin daga ɓangare ɗaya shi ne AS, lafiyarsa lau. Wanda ya gaje shi daga uwa da uba shi ne SS. Idan iska ta yi ƙaranci a jininsa sai ƙwayoyin su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kwana 120 da lafiyayyar ƙwaya ke yi.

Duk wanda ya yi jinyar mai sikila ya san abin da wannan lissafi ke nufi. Da hunturu ya kama sai ciwon ya tashi. Yaro yana murƙususu yana riƙe gwiwa, farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa, uwa tana jiƙa tsumma a ruwan ɗumi tana gasa masa gaɓoɓi har asuba, uba yana buga waya yana neman wanda zai ba da jini leda ɗaya. Ana ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da SS duk shekara a Najeriya, babu ƙasar da ta kai ta a duniya. Ba mamaki cikin gidajen da a da ake cewa suna wabi, ana haihuwa ana binnewa, da yawa sikila ce ke ɗauke musu 'ya'ya ba a sani ba.

To ga tambayar da ta kamata a yi a aji. Ciwon da ke kashe mai shi tun kafin ya isa aure, ai kamata ya yi ya ƙare da kansa, tun da ba a bar mai yaɗa shi ba. Me ya sa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan yake ɗauke da S, alhali a arewacin Turai da wuya ka same shi sai a jinin baƙi? Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, shi ya kamo bakin zaren. Ya lura cewa masu AS sun yi yawa a gaɓar teku da kewayen tafkin Biktoriya inda sauro ya yi katutu, amma a kan tsaunuka masu sanyi inda babu zazzaɓi kusan babu su. A 1954 ya wallafa sakamakonsa: ƙwayar maleriya ba ta jin daɗin zama a jinin mai AS. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa AS na rage haɗarin maleriya mai tsanani, irin mai sa suma da jijjiga, da kusan kashi 90 cikin 100.

An tabbatar da wannan a ƙasarmu. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da wani gagarumin binciken maleriya a ƙauyukan Garki, a tsohuwar Jihar Kano, yanzu cikin Jigawa. An auna jinin dubban mutane, aka bi diddigin rayuwarsu. Rahoton da Alan Fleming da abokan aikinsa suka fitar a 1979 ya nuna cewa cikin jarirai sabbin haihuwa kashi 24 cikin 100 ne AS, amma cikin waɗanda suka haura shekara biyar adadin ya kai kashi 29. Jini ba ya sauyawa bayan haihuwa. Abin da ya faru shi ne zazzaɓi ya fi ɗibar 'yan AA, waɗanda ba su gaji sauyin ba, sikila ta kwashe kusan dukkan 'yan SS tun suna ƙanana, sai kason 'yan AS ya ƙaru cikin waɗanda suka rayu suka yi aure suka haifa. A maimaita wannan tankaɗe da rairaya a ɗaruruwan zuriya, sai ka sami al'ummar da rubu'inta AS ne. Daniel Shriner da Charles Rotimi, wanda haifaffen Najeriya ne, sun ƙiyasta a 2018 cewa sauyin ya fara bayyana kimanin shekara 7,300 da suka wuce, lokacin da Sahara take kore shar da tafkuna.

Wannan shi ne ƙashin bayan abin da Charles Darwin ya rubuta a 1859, ba ƙari. 'Ya'ya suna bambanta da juna, bambancin ana gadonsa, ana haifar fiye da waɗanda za su rayu, kuma yanayin wuri yana fifita wasu siffofi a kan wasu. Da tattabaru da dabbobin gida ya buɗe littafinsa, domin a wurin masu kiwo ya ga abin ƙarara. Manominmu ma ya san shi. Ranar girbi za ka gan shi yana bin zangarniyar gero ɗaya bayan ɗaya, yana ware doguwa mai cikar ido wadda tsutsa ba ta taɓa ba, ya ɗaure ta daban ya rataye a rumbu, ko yunwa ta zo ba a taɓa ta, iri ce. Da irin wannan zaɓe kakanni suka mayar da ciyawar daji mai zubar da ƙwaya ta zama gero, kuma a kwarin Tilemsi na Mali an tono shaidar noman gero ta kimanin shekara 4,500. Shibra da ke fitowa a gona tana kakkaɓe ƙwayarta kafin girbi tana tuna mana dangantakar gero da danginsa na daji. Abin da Darwin ya ƙara shi ne, ko babu manomi, fari da cuta da yunwa suna yin nasu zaɓen.

Yanzu mu koma ɗaya ɓangaren, mu ba shi haƙƙinsa. Hujjar tsari da hikima ba wasa ba ce, kuma ta girmi Darwin nesa ba kusa ba. Ibnu Rushdi na Ƙurɗuba ya kira ta dalilin kulawa: dubi yadda dare da rana da ruwa da gaɓoɓin jiki suka dace da rayuwar ɗan Adam. Ibnul Ƙayyim ya cika shafuka masu yawa na Miftahu Daris Sa'ada da tunani a kan ido da kunne da tururuwa da ƙudan zuma. A Ingila kuwa, wani limamin coci mai suna William Paley ya kawo misalin agogo a 1802: in ka tsinci agogo a daji, ka ga ƙafafunsa na ciki suna juya juna, dole ka ce akwai maƙerinsa, to ido ya fi agogo tsari. Darwin kansa ya karanta Paley yana ɗalibi a Kambirij, hujjar ta kuma burge shi. Ni ma duk lokacin da na ɗora ɓawon albasa a ƙarƙashin madubin likita na ga ɗakunan ƙwayoyin halitta a jere, tasbihi ne ke fara zuwa bakina.

Sai dai akwai bambanci tsakanin ganin hikima a halitta da ɗaukar kowace gaɓa a matsayin na'urar da aka ƙera ita kaɗai, a gama, babu tarihi a bayanta. Mai riƙe da fahimta ta biyu, me zai ce wa baiwar Allahn nan mai gasa wa ɗanta gwiwa? In ya ce S garkuwa ce da aka ƙera don kare mu daga sauro, za ta tambaye shi dalilin da garkuwar ke cinye ɗa ɗaya cikin huɗu idan AS ya auri AS. In ya ce S aibi ce kawai, alƙaluman Garki za su ƙaryata shi, don ta ceci rayukan da ba su ƙirguwa. Misalin agogo ba shi da amsa a nan. Bayanin juyin halitta kuwa ya faɗi dalilin da S ta yawaita a Garki da kewayen tafkin Biktoriya ta yi ƙaranci a kan tsaunin Kenya, ya kuma faɗi abin da za a gani tun kafin a auna. Amma ko kusa bai gaya wa uwar nan dalilin da ya sa ita aka jarraba da ɗanta ba, kuma ba zai taɓa iyawa ba. Wannan tambaya ta ƙaddara ce da haƙuri da lada, wurinta daban.

Tauhidin da ake karantarwa a zaurukanmu ya daɗe da tanadar wa wannan matsala mazauni. Shehu Sanusi na Tilimsan, mai Ummul Barahin, wanda ya rasu a 1490, ya raba hukunci gida uku: na shari'a, na hankali, da na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne alaƙar da muke gani tana maimaituwa tsakanin abu da abu, wuta da ƙuna, abinci da ƙoshi, magani da waraka. Ana sanin sa ta hanyar lura da gwaji, kuma mumini yana riƙe da cewa Allah ne mai gudanar da shi. Imam Gazali ya yi dogon bayani a kan wuta da auduga a kan wannan turba. Duk kimiyya, daga lissafin husufin wata har zuwa gadon sikila, a cikin hukuncin al'ada take zaune. Babu malamin da ya taɓa cewa wanda ya bayyana yadda wuta ke cin auduga ya yi kafirci. Me zai sa wanda ya bayyana yadda maleriya ke tace jinin al'umma ya zama abin zargi?

Ba yau malaman Musulunci suka fara fuskantar Darwin ba. A 1888 Shehu Husaini al-Jisr na Tarabulus ta Lebanon ya wallafa Risalatul Hamidiyya. Bai gamsu cewa hujjojin zamaninsa sun kai yaƙini ba, amma ya bayyana cewa ko da an tabbatar da juyin halitta, hakan ba zai rushe imani ba matuƙar mutum ya riƙe cewa da nufin Allah abin yake gudana. A ɓangaren Kirista, Gregor Mendel, wanda gwajinsa na wake da ya wallafa a 1866 ya ba mu lissafin nan na ɗaya cikin huɗu da ake yi wa masu neman aure bayani da shi, malamin coci ne. Francis Collins, wanda ya jagoranci aikin karanta rubutun gadon ɗan Adam gaba ɗaya, mai imani ne da bai ɓoye imaninsa ba.

Saboda haka idan Richard Dawkins ya ce, kamar yadda ya yi a littafinsa na 1986, juyin halitta ya nuna babu manufa a bayan rayuwa, sai mu ce masa ya fito daga ɗakin gwaji ya hau mumbarin falsafa. Abin da gwaji ya nuna shi ne sauyin haruffan gado ba ya duba buƙatar mai shi kafin ya auku: S ba ta bayyana don wani ya roƙe ta ba, ta bayyana ne, sauro ya sa ta yaɗu. Ko akwai nufin wani Mai iko a bayan aukuwarta da yaɗuwarta, babu ma'aunin da ke auna wannan, balle ya ce babu. Dawkins na da 'yancin ra'ayinsa, amma ra'ayi ne, kada a sayar mana da shi da sunan sakamakon bincike.

Haka kuma ina jan hankalin 'yan'uwa masu kare addini da kayan aro. Shekarun baya littattafai da faifan Harun Yahya, wato Adnan Oktar na Turkiyya, sun zaga hannun matasanmu. Mutumin bai karanci bayoloji ba, yawancin hujjojinsa daga wasu ƙungiyoyin Kiristocin Amurka ya kwaso su, kuma a babban kundinsa na hotuna an kama hoton ƙwaron roba mai ƙugiya, irin wanda masunta ke yaudarar kifi da shi, an sa shi a matsayin ƙwaro mai rai. Wasu kuma suna jingina da Michael Behe, wanda ya ce a 1996 akwai sassan ƙwayar halitta da suka fi ƙarfin a ce sannu a hankali suka haɗu. A 2005 wata kotun tarayya a Pensilbaniya ta saurari hujjojinsa a shari'ar makarantun Dover, ta yanke cewa wannan ra'ayi ba kimiyya ba ne. Abin da masu ambatonsa ba sa faɗa shi ne Behe kansa ya yarda halittu sun fito daga tushe ɗaya. Haɗarin wannan hanya a fili yake: in ka kafa imanin yaro a kan cewa kimiyya ta kasa bayyana abu kaza, ranar da aka bayyana shi ka bar yaron a tsaye ba madogara. Ubangijin da muke bauta wa shi ne Ubangijin abin da muka gane sababinsa da wanda ba mu gane ba.

Na san abin da mai karatu mai kaifin hankali zai ce. Sikila da gero ƙananan sauye-sauye ne, mutum yana nan mutum, gero yana nan gero, ina hujjar cewa wani jinsi ya fito daga wani? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma tana cikin duwatsu da cikin DNA. Dutsen da ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato don yin siminti cike yake da ɓawon halittun teku, domin fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce teku ne ya rufe wurin. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere ta Nijar, an tono ƙasusuwan kada mai tsawon kimanin mita 10, da wata dabba mai cin ciyawa da aka raɗa wa suna Nigersaurus, mai haƙora sama da 500, waɗanda suka rayu kimanin shekara miliyan 110 baya. Wanda ya je gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai zai ga ƙasusuwan irin waɗannan dabbobi da idonsa. A cikin duwatsun wancan zamani ba a taɓa samun ƙashin raƙumi ko saniya ko mutum ba. Halittu sun zo ne bi da bi, wasu sun shuɗe, wasu sun biyo.

A Wadil Hitan da ke Fayyum ta Masar kuwa, akwai ƙasusuwan manyan dabbobin teku masu shayarwa, dangin wel, na kimanin shekara miliyan 40. Tsawon wasunsu ya haura mita 15, amma ga 'yan ƙafafun baya da ba su kai mita ɗaya ba, da gwiwa da yatsu, waɗanda ba za su iya ɗaukar wannan jiki a tudu ba. Da aka zo aka karanta DNA, sai ya nuna cewa dabbar da ta fi kusa da wel a yau ita ce dorina. Hanyoyi biyu mabambanta, ƙashi da jini, suka kai ga amsa ɗaya. Gwajin nan na DNA da kotu ke karɓa don tabbatar da uban yaro, da irin ka'idarsa ake auna dangantakar jinsi da jinsi. Gaskiya ne masana suna ta muhawara a kan saurin sauyin da hanyoyinsa, kuma har yau kimiyya ba ta warware yadda rai na farko ya fara ba. Ka'idar Darwin ma ba ta yi da'awar warware wannan ba, bayan samuwar rai take fara magana.

Saura batun da ya fi tsaya wa mutane a rai, Annabi Adamu, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Da fari, ka'idar ba ta ce birin da muke gani a dawa shi ya rikiɗe ya zama mutum ba. Cewa ta yi jikin mutum da na manyan birai suna komawa ga tushe ɗaya mai nisa, shekara miliyan 6 zuwa 7. A 2001 ayarin masu bincike na Chadi da Faransa ƙarƙashin Michel Brunet ya tono wani ƙoƙon kai a hamadar Jurab ta arewacin Chadi, wanda aka sani da Tumai, mai kimanin shekara miliyan 7, kuma har yanzu masana na gardama ko mai shi a tsaye yake tafiya. Ƙoƙon yana nan, musun samuwarsa ba zai ɓatar da shi ba.

Abin da nassi ya tabbatar game da halittar Adamu na yi imani da shi, ban kuma ga abin da ɗakin gwaji zai iya cewa a kansa ba. Bayoloji na cewa kowane ɗa yana da uba, mun kuma yi imani an haifi Annabi Isa ba uba, amma ba wanda ya ce a cire babin haihuwa daga manhaja saboda haka. Mu'ujiza keta al'ada ce, kimiyya kuwa al'ada take nazari. Nassi bai zo da bayanin matakan da raƙumi ko sauro ko giginya suka bi kafin su kai siffarsu ta yau ba, don haka fagen bincike a buɗe yake. Masana Musulmi na wannan zamani, irin su David Solomon Jalajel da Shoaib Ahmed Malik, wanda ya fitar da littafi a kan Gazali da juyin halitta a 2021, sun zayyana matsayai daban-daban da mai akidar Ahlus Sunna zai iya tsayawa a kai, ciki har da karɓar juyin sauran halittu tare da keɓe Adamu. Ana iya saɓa musu, amma sai an karanta su tukuna.

Wani zai ce duk wannan gardamar 'yan boko ce, ina ruwan talaka? Ruwansa ya kai wuya. Waɗanda suka manyanta suna tuna lokacin da kulorokwin ke kwantar da zazzaɓi cikin kwana uku, in ban da ƙaiƙayi. A ƙarshen shekarun 1950 aka fara ganin ƙwayar maleriya mai jure masa a kudu maso gabashin Asiya da Kolombiya, ta iso gabashin Afirka a 1978, ta bazu har Najeriya ta sauya zuwa magungunan haɗi masu atemisinin a 2005. Maganin bai lalace ba, ƙwayar cutar ce aka tace: masu rauni suka mutu, masu juriya suka hayayyafa. Malawi ta janye kulorokwin a 1993, bayan shekara goma sha wani abu aka sake gwada shi a can, sai ga shi yana aiki kusan ɗari bisa ɗari, domin da aka daina shan sa masu juriyar sun rasa fifikonsu. Yanzu an tabbatar da ƙwayoyin da suka fara jure wa atemisinin a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya. Sauro ma ya saba da maganin da ake jiƙa gidan sauro da shi, har sai da aka koma haɗa sinadari biyu. Najeriya ce ke ɗauke da kimanin rubu'in masu kamuwa da maleriya a duniya. Duk mai kemis da ya ɓallo wa mutum rabin kati don kuɗinsa bai kai ba, da duk wanda ya ji sauƙi ya ajiye sauran maganin, yana taya ƙwayar cuta zaɓen iri.

Sanin sababi yana ɗora nauyi. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, har da na sikila, kuma limamai da yawa sun riga dokar, ba sa ɗaura aure sai sun ga takarda. Masu cewa wannan jayayya ce da ƙaddara su tuna Sayyidina Umar, da ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'arsa daga Sarga. Da Abu Ubaida ya yi masa magana, sai Umar ya nuna masa cewa ci gaba da tafiya da komawa gida duk a cikin ƙaddarar Allah suke. Haka gwajin jarirai tun suna cikin tsumma, da maganin rigakafin cututtuka, da haidiroksiyuriya mai rage tashin ciwon, sun sa masu SS a yau suna girma, suna karatu, suna aure. Duk daga fahimtar sababin ciwon da yadda yake aiki aka kai ga amfani da su.

Abin da nake nema kaɗan ne. Kwalejojin horon malamai su daina yaye malamin bayoloji da ke jin kunyar wani yanki na fanninsa. Masu wa'azi su bambance tsakanin sakamakon bincike da falsafar zindiƙancin da wasu ke liƙa masa, su yaƙi ta biyun da hujja, su bar na farkon ga masu auna shi. Jami'o'inmu kuma, Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, duk suna da sashen nazarin addinin Musulunci da sashen ilimin halittu, wani lokaci tafiyar minti kaɗan ce tsakaninsu. Su zauna tare su rubuta ɗan littafi da Hausa, wanda ɗan sakandare da almajirin zaure za su iya karantawa, a fayyace a ciki abin da gwaji ya tabbatar, da abin da masana ke gardama a kai, da abin da nassi ya yanke, da abin da ya yi shiru a kansa. In ba mu rubuta shi ba, yaranmu za su ci gaba da ɗaukar amsa daga TikTok, ko dai a bakin wanda bai san bayoloji ba, ko a bakin wanda bai san tauhidi ba.